Wasa tara a jere ba nasara: rauni ne ya kashe Yankees ko ginin ne ba tushe?

Alhaji Mai Taksi: Assalamu alaikum jama'a. Yanzu na shigo gida, na ajiye mota, amma barci ya ƙi zuwa. Yau 22 ga Agusta 2023, Washington Nationals sun yi wa ƙungiyarmu ta besbol, New York Yankees, 2 da 1 a cikin gidanmu. Wasa tara ke nan a jere ba mu ci ko ɗaya ba. Rabon Yankees da irin wannan tun 1982, kafin in san akwai wata unguwa mai suna Bronx a duniya. Yanzu muna da nasara 60, faɗuwa 65, mu ne ƙutal a rukunin gabas.

Na zo ƙasar nan 1995. Shekara guda bayan haka ƙungiyar nan ta ɗauki kofi, wani yaro Derek Jeter yana shekararsa ta farko. A bakin titi na 161, kusa da filin Yankees a Bronx, na koyi wasan, ina jiran fasinja, rediyo a kunne. Na ga 1998, 1999, 2000, na ga 2009. Ban taɓa ganin shekarar da suka gama da faɗuwa ta fi nasara yawa ba, don rabonsu da haka tun 1992. Yau da na ɗauko mutane daga filin, ba mai zagi, ba mai faɗa. Shiru kawai. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Tambayata: kowa sai ya ce rauni ne, rauni ne. Ni zuciyata ba ta yarda ba. Ku 'yan boko masu bin lissafi, me kuka gani?

Autan Hajiya: Baba, don Allah ku yi haƙuri, amma ai rauni ne. Ranar 3 ga Yuni da tauraronmu Aaron Judge ya daki shinge a filin Dodgers ya ji ciwo a yatsan ƙafa, muna da nasara 35, faɗuwa 25. Wasa 42 ya yi ba ya nan, muka ci 19 muka faɗi 23. Mutumin da ya buga homron 62 bara fa, wato bugun da ke tsallake katanga. Wace ƙungiya ce za a cire mata irin wannan ta tsaya da ƙafarta?

Ɗan Damagaram: Auta, lissafinka daidai ne, amma ƙarasa shi. Judge ya dawo 28 ga Yuli. Duk wasa taran nan da aka lallasa mu bayan ya dawo ne. To wa za mu ɗora wa?

Alhaji, ranku ya daɗe, ina bayanku. Kuma ina da hujjar da ba a iya tsallake ta: 2019. A shekarar nan 'yan wasa 30 suka shiga jerin masu jinya, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Stanton kusan bai buga ba, Judge ya yi jinya, mai jifa Severino sai Satumba aka gan shi. Amma wasa 103 muka ci. Me ya sa? In wani ya faɗi, akwai na bayansa. Gio Urshela da ba wanda ya san shi ya zo ya riƙe gurbi kamar gadon gidansu, DJ LeMahieu yana kan ganiyarsa. Bana fa? An cire ginshiƙi ɗaya, rufi ya rufto. Laifin ba na iskar da ta kaɗa ba ne, na maginin ne.

Na Kurmi: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni daga Kano nake bin ku, Kawu ne ya saka ni a zauren. Wallahi hular nan mai NY na sayar da ita ba adadi, sai bara na san ta ƙungiyar ƙwallo ce. Ku taimaka min da bayani kaɗan. Ta yaya ake wasa tara cikin kwana goma sha ɗaya? Ba sa hutawa?

Alhaji Mai Taksi: Ɗana, barka da zuwa. Besbol ba kamar tamaula ba ce da ake jira sati. Wasa 162 kowace ƙungiya take yi, daga ƙarshen Maris zuwa farkon Oktoba, kusan kullum. Ka san langa? To ka ɗauka akwai masha, amma kafin ka kai gare ta sai ka bi tasha uku ka zagayo. Mai jifa ya jefo ƙwallo, kai kuma ka make ta da gora ka ruga. In ka zagayo gida, maki ɗaya. In ka make ta ta tsallake katanga, shi ne homron, kai da duk wanda ke kan tasha ku taho gida ba mai tare ku. Turmi tara ake yi, kowane turmi sai an fitar da mutum uku daga kowane ɓangare.

Saboda yawan wasan ne ya sa jiki ke gajiya, kuma shi ya sa ƙungiya ba ta rayuwa da taurari kawai.

Na Kurmi: Na gode Baba. To amma yatsan ƙafa ɗaya ne ya kwantar da ƙaton mutum wata biyu? Na ga hotonsa, ai basamude ne.

Maman Hanifa: Ƙanena, bari in amsa maka wannan, don aikina kula da marasa lafiya ne, kuma abin da ya hana ni shiru ke nan tun ɗazu.

Jijiyar babban yatsan ƙafarsa ta dama ce ta tsinke. Tashi tsaye yanzu ka gwada juya jikinka da ƙarfi ba tare da ka dogara da babban yatsa ba. Ba za ka iya ba. Shi Judge da dama yake bugu, ƙafar damarsa ce a baya, a kanta yake murɗawa ya tura duk nauyinsa cikin gorar. Mutum mai nauyin fiye da kilo 120. Ka ga yatsan nan shi ne maƙogwaron sana'arsa. Ya dawo ne bai gama warkewa ba, kowa ya gani a gudunsa.

Amma ni ba Judge ne ya fi tsaya min a rai ba. Anthony Rizzo ne. Ranar 28 ga Mayu suka yi karo da Fernando Tatis na San Diego a tashar farko, ƙugun Tatis ya bugi kansa. Aka gwada shi aka ce ya tsallake. Kafin ranar yana bugun .304, wato kusan uku cikin kowace dama goma yana yin bugu mai kyau, homron 11. Bayan ranar, wata biyu cur, .172 da homron ɗaya tak. Mutum mai shekara goma sha a wasan nan ya koma kamar bai taɓa riƙe gora ba. Mu a nan zauren har da masu cewa ya tsufa, a sallame shi. Sai farkon watan nan na Agusta aka kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, aka gano illar buguwar kai ce take bin sa, idonsa da hannunsa ba sa haɗuwa a kan lokaci.

Ku yi tunani. Wata biyu bawan Allah yana tsayawa ana jefo masa abu mai tauri da gudun da ya haura kilomita 150 a awa, ƙwaƙwalwarsa tana makara. Da ta same shi a kai fa? Yana da iyali. Ni da na ji labarin sai da na zauna. Buguwar kai ba ta nuna kanta rana ɗaya, wani lokaci a hankali take fitowa, mutum ya tashi da safe kamar wanda bai yi barci ba, ya rasa abin da ke damunsa. Na ga irinta a wurin aiki ba sau ɗaya ba. Wanda ke ganin mutum kullum a ɗakin sauya kaya ya kamata ya ce, a'a, wannan ba shi ba ne, a sake dubawa. Kofi dai ana sake buga shi baɗi.

Ɗan Damagaram: Yaya, Allah ya saka. Ina cikin waɗanda suka yi masa maganar a watan Yuli, kuma na yi nadama.

Maman Hanifa: Ba kai kaɗai ba ne. Ina roƙon 'yan'uwanmu masu aikin gini da masu kai saƙo a keke su ma su ji. In ka bugu a kai, ko ba jini, in bayan kwanaki kana jin jiri ko mantuwa ko haske na damunka, je asibiti. Kada ka ce namiji ne kai.

Malam na Kwins: Salamu alaikum. Kun san ni ɗan Mets ne, ɗaya ƙungiyar ta New York, amma yau ba adawa ta kawo ni ba, jaje na zo, don ciwonmu ɗaya. Mu ne muka fi kowa kashe kuɗi bana, ku ne na biyu. Tun kafin a fara kaka, Edwin Díaz, mai jifan da ke rufe mana wasa, ya ji ciwo a gwiwa yana murnar nasarar ƙasarsa Puerto Rico a watan Maris, shekara ta tafi. Da masu gidanmu suka ga ba inda za a je, sai suka sayar da manyan masu jifanmu, Scherzer ga Texas, Verlander ga Houston, suka karɓo yara. Ya yi ɗaci, amma aƙalla an yanke shawara.

Abin da ya ba ni mamaki da ku shi ne ranar rufe kasuwa, 1 ga Agusta. Ba ku yi wani sayen kirki ba, ba ku sayar ba. Ƙungiyar da ba ta iya cin maki, ba a kawo mata mai bugu ko ɗaya ba. Alhaji, wannan me ake kiransa?

Alhaji Mai Taksi: Malam, jemage ake kiransa, ba tsuntsu ba, ba dabba ba. Na gode da jajen.

Ku bar ni in yi dogon numfashi, ku yi min uzuri. Ni abin da ke ƙona min rai, raunin nan da yawansa da kuɗinmu muka sayo shi, ido buɗe. Frankie Montas da aka ɗauko daga Oakland bara, an san kafaɗarsa ta yi masa ciwo makonni kaɗan kafin cinikin. Watan Fabrairu aka yi masa tiyata, har yau bai jefa ƙwallo ɗaya ba bana. Harrison Bader, ranar da aka sayo shi ƙafarsa tana cikin takalmin jinya, kuma aka ba da Jordan Montgomery, mai jifan da yake fitowa duk ranar da aka ce ya fito. Carlos Rodón aka ba shi dala miliyan 162 na shekara shida, mutumin da aka taɓa yi wa aiki a kafaɗa, aka yi masa a gwiwar hannu. Bai fara jifa ba sai 7 ga Yuli. Josh Donaldson shekara 37, don shi aka saki Urshela ɗin da Ɗan Damagaram ya ambata. Stanton kuwa tun Afrilu cinyarsa ta riƙe, yanzu in yana gudu sai ka ji tausayinsa.

Wanda ya sayi rago ya ga yana ɗingishi a kasuwa, in ya kwanta kafin Sallah ba zai ce tsautsayi ba. Na Judge tsautsayi ne, na yarda, ƙwallon J.D. Martinez ya bi ya cafe don ya cece mu, Allah ya ƙaddara akwai siminti a ƙasan shingen. Na Rizzo tsautsayi ne, ko da yake abin da ya biyo baya sakaci ne. Amma sauran? Tun ran gini ran zane.

Autan Hajiya: Baba, amma Rodón yau ya yi ƙoƙari fa. Turmi shida, maki ɗaya kawai ya bayar.

Alhaji Mai Taksi: Ya yi, ba zan tauye shi ba. To ka ga ma abin da nake faɗa. Mai jifa ya ba ka irin wannan, masu bugu suka kawo maki ɗaya. A Atlanta makon jiya wasa biyu a jere ba mu ci maki ko ɗaya ba, 5 da nema, 2 da nema.

Ɗan Damagaram: Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Katangar dama ta filinmu ƙafa 314 ce kacal daga gida. Tun zamanin Babe Ruth, ƙungiyar nan bahagwai take tarawa, don bahago in ya ja ƙwallo can take zuwa. Ku ƙirga jerin masu bugunmu na yanzu: Judge, Stanton, Torres, LeMahieu, Volpe, Bader, duk 'yan dama. Rizzo ne babban bahagonmu, ga shi a kwance. Kana da gona mai fadama, ka je kana shuka abin tudu.

Sannan ku dubi Baltimore. Shekara biyu da suka wuce wasa 110 suka faɗi. Yau su ne a saman rukuninmu, da yaran da suka rena da kansu, Rutschman da Henderson, albashinsu bai kama ƙafar namu ba. Aaron Hicks da muka kora a watan Mayu can ya koma yana bugu. Ni a ganina babban manajan ƙungiyar, Brian Cashman, ya tafi. Tun 1998 yake kan kujerar nan. Ya kori kocin masu bugu a watan Yuli, aka kawo Sean Casey, me ya canza?

Malam na Kwins: A nan kam zan saɓa maka ƙanena. Mutumin da a shekara 25 ƙungiyarsa ba ta taɓa gamawa a ƙasa da rabi ba, ba a yar da shi saboda kaka ɗaya. Bara wasa 99 kuka ci. Mu da muka sha canjin shugabanni mun san abin da ke cikinsa. Kowane sabo ya zo sai ya rushe na baya.

Ɗan Damagaram: Malam, da girmamawa, wasa 99 ɗin ina ya kai mu? Houston ta share mu 4 da nema a wasannin neman kofi na Oktoba. Kuma ku tuna rabin kakar bara ta biyu, Judge ne ya ɗauki ƙungiyar a ka. Ciwon yana nan tun lokacin, homron 62 ne ya rufe shi. Kofi ɗaya tun bayan 2000. Ga ƙungiya mai kofi 27, wannan fari ne.

Maman Hanifa: Ni wanda nake tausayi Gerrit Cole. Yana jifan da bai taɓa yi mana irinsa ba, shi ya buɗe wasan taurari a Seattle, ana maganar shi zai ɗauki kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa, amma shekarun ƙarfinsa suna tafiya a banza.

Autan Hajiya: Ni dai ban cire rai ba. Saura wasa 37. A 1978 Boston ta ba mu ratar wasa 14 a watan Yuli, muka kamo su, Bucky Dent ya buga homron a filinsu, muka ɗauki kofi. Baba ku kuka ba ni labarin nan da bakinku.

Alhaji Mai Taksi: Ni na ba ka, ni ma ba ni aka yi, wani dattijo fasinjana ne ya ba ni a hanyar filin jirgi. Amma ɗana, a Yuli ne suke baya da 14, da saura fiye da wata biyu, kuma suna da mai jifa Ron Guidry da ya ci wasa 25 a shekarar, da Reggie Jackson, da Thurman Munson. Mu yau 22 ga Agusta, tazarar kusan wasa 10 tsakaninmu da gurbin ƙarshe na shiga Oktoba, ga ƙungiyoyi a gabanmu. Ba na son in karya maka zuciya, amma ba zan yi maka ƙarya ba. Oktoba ta wuce mu.

Akwai labarin da ya fi wannan amfani gare ka. A 1990 Yankees sun faɗi wasa 95, an dakatar da mai ƙungiyar George Steinbrenner daga harkar. A wannan tsakanin ne babban manajan lokacin, Gene Michael, ya samu sarari ya riƙe yara bai sayar da su ba: Bernie Williams, Mariano Rivera, Andy Pettitte, Jorge Posada, aka zaɓo Jeter a 1992. Ni na zo na tarar da 'ya'yan itace, ban ga wahalar dashen ba. Yau na ga an kira yara biyu, Everson Pereira da Oswald Peraza, zuwa babbar ƙungiya. To a bar su su buga kullum har ƙarshen Satumba, su yi kuskure a gabanmu. Volpe shekararsa 22, ana ta kuka da bugunsa, amma bai taɓa ɓuya ba. Abin da zan kalla ke nan daga yanzu. Sai kuma nasara 82: in muka ci 22 cikin 37 da suka rage, ba za a rubuta mu cikin masu faɗuwa ba.

Ɗan Damagaram: Alhaji, 82 ɗin nan ita nake tsoro. In suka kai ta, za su ce ai ba mu faɗi ba, rauni ne kawai, a bar kowa a kujerarsa.

Alhaji Mai Taksi: Na fahimce ka, kuma wataƙila kana da gaskiya. Amma ni ba zan iya zama ina fatan ƙungiyata ta faɗi ba. Shekara 28 ban iya ba.

Na Kurmi: Baba, to in aka sake cin ku gobe fa?

Ɗan Damagaram: Goma ke nan. Rabon da a ga haka tun 1913.

Maman Hanifa: Allah ya kiyaye. Asuba ta kusa, ina da aikin safe. Alhaji ku kwanta don Allah, kuna tuƙi gobe.

*Washegari da dare*

Autan Hajiya: BABA! Kuna gani? Homron UKU! Judge! Na biyun da mutum uku a kan tasha, maki huɗu lokaci guda! 9 da 1! Bai taɓa buga uku a wasa ɗaya ba sai yau!

Malam na Kwins: Barkanku da arziki. Severino ma ya ba ni mamaki, ya kai turmi na bakwai ba a ci shi ba.

Ɗan Damagaram: Alhamdu lillahi, 1913 ta zauna inda take. Amma ku duba, cikin maki tara, shida daga gorar mutum ɗaya suka fito, mai yatsan da bai warke ba. Maganar jiya ce dai. Kun ji Cashman da kansa ya amsa a gaban 'yan jarida cewa kakar nan ta lalace?

Maman Hanifa: Na ga yadda yake zagaya tashoshin a hankali. In babu Oktoba, ni da za su riƙa hutar da shi kwana-kwana. Shekara tara ya sa wa hannu, ba wata ɗaya ba.

Alhaji Mai Taksi: Ina bakin River Avenue lokacin da ya buga na biyun, ihun ya riga rediyo isowa kunnena. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ra'ayina bai canza ba, Ɗan Damagaram, amma yau ka bar yaron nan ya yi murnarsa.

Auta, gobe wasan rana ne. Ka tambayi Hajiya, in ta yarda ka same ni a tashar jirgi ta 161 da sha biyu, tikitin sama ya yi araha yanzu. Ka zo da ruwa, akwai zafi. Na Kurmi, turo min adireshin shagon ta wajen kawunka, akwai mai tafiya gida ƙarshen wata, zan ba shi hula ta gaske ya kai maka.